Tromso zuwa Longyearbyen: kilomita 958 babu zango a tsakani

Idan ka tambayi kowane shafin lissafin nisa a intanet tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Tromso, a arewacin ƙasar Norwe, da na Longyearbyen a tsibiran Svalbard, amsar da za ka samu kilomita 958 ce, sama ko ƙasa da kaɗan. A ido ba wata tafiya ba ce. Kano zuwa Legas ta sama ma kilomita 830 ne da 'yan kai. Jirgi ƙirar Boeing 737 kan cinye ta cikin awa ɗaya da minti arba'in, wani lokacin ma bai kai ba. Amma matuƙin da zai tashi daga Tromso ya nufi can, ba da wannan lambar yake auna man da zai sha ba. Tsakanin filayen nan biyu babu komai sai ruwan tekun Barents, in ban da wani ɗan tsibiri, Bjornoya, mai tashar duba yanayi amma ba titin saukar jirgi. In ka isa Svalbard ka tarar hazo ko iska sun rufe ƙofa, a duk tsibiran babu fili na biyu da babban jirgi zai iya sauka. Inda ka fito nan za ka koma. Saboda haka nisan da ake shirya wa a wannan hanya kusan ninki biyu ne na wanda kwamfuta ta nuna.

Filin Longyearbyen, wanda aka buɗe a 1975, shi ne mafi kusa da ƙuryar arewa ta duniya cikin filayen da jiragen fasinja ke zuwa bisa jadawali. Daga nan zuwa ƙuryar kilomita 1,300 ne kacal. Mutanen garin kusan 2,500 ne. Kamfanonin SAS da Norwegian ne ke jigila daga Oslo da Tromso, hukumar Avinor kuma ita ke tafiyar da filin. An shimfiɗa titinsa a kan ƙasa daskararriya wadda ba ta narkewa sai ɗan samanta a lokacin zafi, shi ya sa gyaran titin ba ya ƙarewa: ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana kumbura tana lotsawa.

Yadda lambar take fitowa

Lissafin ba ya buƙatar komai sai takarda da kalkuleta mai kosain, wato maɓallin nan da aka rubuta wa cos. Kowane fili yana da lambobi biyu: latitud, mai nuna nisansa daga ikwaita zuwa arewa ko kudu, da lonjitud, mai nuna gabas ko yamma. Tromso tana kan digiri 69 da minti 41 arewa, digiri 18 da minti 55 gabas. Longyearbyen tana kan digiri 78 da minti 15 arewa, digiri 15 da minti 28 gabas.

Fara da arewa. Bambancin latitud ɗinsu digiri 8 ne da minti 34. Kowane digiri minti 60 ne, saboda haka minti 514 ke nan. Daɗin abin shi ne minti ɗaya na latitud daidai yake da mil ɗaya na teku, wanda da shi ma'aikatan jirgin sama da na ruwa ke aiki, kuma tsawonsa mita 1,852 ne. Minti 514 sau 1.852 ya ba ka kilomita 952.

Sai gabas da yamma, inda mafi yawan mutane ke zamewa. Bambancin lonjitud digiri 3 ne da minti 27, wato 3.45. Layukan lonjitud ba a jere suke tafiya ba kamar kunyoyin gona. Sun fi kama da tsagin lemo: a tsakiya suna da faɗi, suna matsewa har su haɗu a kai. A ikwaita digiri ɗaya na lonjitud kilomita 111 ne. A Kano, kusan 109. A Tromso ya dawo 39, a Longyearbyen bai kai 23 ba. Dokar ita ce ka ninka 111 da kosain ɗin latitud ɗin wurin. Tsakiyar wannan tafiya tana kusan digiri 74, kosain ɗinsa 0.276, don haka 3.45 sau 111 sau 0.276 ya ba ka kilomita 106. Yanzu ka ninka 952 da kansa, ka ninka 106 da kansa, ka haɗa su, ka ɗauki tushen jimlar. Za ka samu 958.

Wanda ya manta da kosain zai ɗauka an karkata yamma da kilomita 383, ya tashi da 1,026, ya ƙara wa tafiyar kusan kilomita 70 da babu su. Wani kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne rubuta digiri 69 da minti 41 a matsayin 69.41. Minti kashi ɗaya ne cikin 60, ba cikin 100 ba, lambar gaskiya 69.68 ce. A wannan hanya kuskuren kan jawo kusan kilomita 19. Sai kuma ruɗanin mil. Mil na kan tudu mita 1,609 ne, na teku 1,852. Tafiyar nan mil 595 ce da na farko, 517 da na biyu. Duk lambar da aka ce maka mil ce, tambayi wanne.

In ka ga wani shafin ya ce 958 wani ya ce 961, babu maƙaryaci a cikinsu. Ɗaya ya ɗauki duniya a matsayin ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa baki. Ɗayan ya yi la'akari da cewa ta ɗan baje a kai da gindi, abin da ya sa digiri ɗaya na latitud yake kilomita 110.6 a ikwaita amma 111.7 a ƙuryar arewa. Kilomita ukun nan jirgi kan wuce su cikin daƙiƙa goma sha biyar, ba abin da za a tsaya gardama a kansa ba ne.

Taswirar bango ba ta da gaskiya a nan

Taswirar da aka saba liƙawa a bangon aji, wadda Gerardus Mercator ya tsara a 1569, an yi ta ne don matuƙan jirgin ruwa, kuma tana miƙar da layukan lonjitud su zama a jere. Kafin hakan ya yiwu dole ta buɗa arewa. A digiri 70 tana ninka tsawon komai kusan sau uku, a digiri 78 kusan sau biyar. Shi ya sa Girinlan ke fitowa kamar za ta yi kafaɗa da kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka ta sau 14. Wanda ya ɗora rula a kan irin wannan taswira don auna nisa a arewa, ya ɓata tun kafin ya fara.

A hanyar Tromso abin bai yi muni ba, domin kusan miƙe take zuwa arewa. Inda ake ganin ɓarnar sosai shi ne idan filayen biyu suna gabas da yamma da juna. Ɗauki Longyearbyen da Utqiagvik, garin da aka fi sani da Barrow, a can saman Alaska, kan digiri 71 da minti 17 arewa. Babu jirgin fasinja tsakaninsu, amma lissafin yana koyar da abu. A taswirar bango, miƙaƙƙen layi tsakaninsu ya bi ta saman Girinlan da tsibiran arewacin Kanada, tafiyar kusan kilomita 5,000. Amma bambancin lonjitud ɗinsu digiri 172 ne, wato saura ƙiris su kasance kishiyoyin juna, ƙuryar arewa na tsakaninsu. Daga Longyearbyen zuwa ƙuryar digiri 11.75, daga ƙuryar ka gangara Utqiagvik digiri 18.7, jimla kusan digiri 30 da rabi. Hanyar da ta fi gajarta, wadda ta ɗan goce wa ƙuryar, kilomita 3,380 ce. An rage sama da 1,600.

Wannan hanya ita ake kira babbar da'ira, kuma zare da ƙwallon taswira sun isa su nuna maka ita: ɗora bakin zaren a wuri ɗaya, ja shi ya yi tauri zuwa ɗayan, inda ya kwanta nan ne hanyar. Musulmi sun daɗe da sanin wannan ta wata ƙofar. Mai salla a New York arewa maso gabas yake fuskanta, ko da yake a taswira Makka tana kudu da shi, domin alƙibla da babbar da'ira ake fitar da ita. Lissafin ninkawa da ɗaukar tushe da muka yi a sama, wanda ake kira na Fitagoras, yana aiki ne kawai a gajeriyar tazara. In tafiya ta yi tsawo ko ta kusanci ƙuryar, dole a koma lissafin ƙwallo.

An taɓa keta wannan sarari tun jirage na ƙanana. A watan Afrilun 1928 Hubert Wilkins da Carl Ben Eielson suka tashi daga Barrow a jirgi mai inji ɗaya ƙirar Lockheed Vega, suka yi sama da awa 20 a sama kafin su kai Svalbard. Da suka iso sai suka tarar da guguwar dusar ƙanƙara, suka sauka inda suka samu, suka yi kwanaki a cikin jirgin suna jiran ta lafa. Doguwar tafiyar sun ci ta. Ƙarshenta ne ya kusa cin su, kuma har yau a nan gizo yake saƙar.

Man da ake sha

Dokar jiragen haya ta duniya ta kasa man tafiya gida-gida, kowane kaso da dalilinsa. Akwai na tafiya a ƙasa kafin tashi. Akwai na tafiyar kanta, daga tashi zuwa sauka. Akwai ƙarin kashi 5 cikin 100 na wannan, saboda iskar da ta saɓa wa hasashe ko hanyar da aka sauya. Akwai man zuwa filin ko-ta-kwana, idan an kasa sauka a inda aka nufa. Na ƙarshe shi ne ajiyar minti 30 na shawagi a ƙafa 1,500 bisa filin, wadda ba a taɓa ta sai lamari ya ɓaci, kuma matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da ita dole ya yi shelar gaggawa.

A yawancin hanyoyin duniya kason ko-ta-kwana ƙarami ne, don akwai wani fili kilomita ɗari ko ɗari biyu a gefe. A Svalbard fa? Ny-Alesund, ƙauyen masu bincike, yana kilomita 110 arewa maso yamma, amma titinsa na tsakuwa ne, kusan mita 800, sai ƙananan jirage irin Dornier 228. Filayen da 737 zai iya komawa duk suna kan babban yankin Norwe: Tromso, Alta, Lakselv, Bardufoss. Babu ɗaya a cikinsu da bai haura kilomita 900 daga Longyearbyen ba.

Mu yi misali da ƙiyasi. Boeing 737-800 yana ƙona kusan tan biyu da rabi a awa. Tafiyar zuwa, a ce tan 4. Ƙarin kashi 5, kilo 200. Tafiya a ƙasa, kilo 200. Ajiyar ƙarshe, tan ɗaya da ɗan kai. Komawa Tromso bayan an yi yunƙurin sauka an fasa an sake hawa sama, wani tan 4. Jimla ta doshi tan 10, alhali tafiya mai irin wannan tsawo a inda filaye ke kusa da juna ba za ta ci tan 7 ba. Dokar ta ba da wata mafita ga filin da ba shi da maƙwabci: a ɗauki man awa biyu na tafiya bayan isowa, har da ajiyar ƙarshe a ciki. Awa biyu tan 5 ne. Komawa da ajiya su ma tan 5 ne da 'yan kai. A wannan hanya dai duk kanwar ja ce.

Nauyin tashi ba shi ne matsala ba a gajeriyar tafiya irin wannan. Na sauka ne. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da ƙafafunsa za su ɗauka a lokacin dira, ga 737-800 kusan tan 66. Tsakanin wannan da iyakar nauyinsa cike da kaya ba mai, tazarar kusan tan uku da rabi ce. Jirgin da ya zama dole ya iso da sama da tan 5 a tankinsa, in har ya cika maƙil, sai an rage kaya kusan tan biyu. Ga kuma titi mai santsin ƙanƙara, inda kowane tan na ƙari ke tsawaita birki. A nan ne nisan komawa, wanda galibi ba a ma yin sa, yake cin kuɗi a kowace tafiya.

Akwai gaɓoɓi biyu da ake fitarwa kafin tashi, kuma bai kamata a haɗa su ba. Ta farko ita ce inda lokacin ci gaba da na juyawa suka zo ɗaya, wadda ake dubawa idan inji ya mutu ko fasinja ya faɗi rashin lafiya. Ba a tsakiyar hanya take ba sai in babu iska. Ka ninka nisan da gudun komawa, ka raba da jimlar gudun zuwa da na komawa. Jirgi mai gudun mil 450 na teku a awa, da iskar mil 50 tana dukan hancinsa, gudunsa na zuwa 400 ne, na komawa 500. Sai ka ce 517 sau 500 a raba da 900, ya ba ka mil 287 daga Tromso, wato kusan mil 29 bayan tsakiya. Gaɓar kullum tana matsawa wajen da iskar ke fitowa.

Ta biyu ita ce gaɓar da in ka wuce ta, man ba zai mai da kai gida ba. Ga babban jirgin da ya ɗauki man zuwa da dawowa, wannan gaɓa tana can kan filin. Ga ƙaramin jirgi kuwa ita ce komai. A ce yana da awa 5 na mai bayan an ware ajiya, gudunsa na zuwa 150, na komawa 190. Awa 5 sau 190 a raba da 340 ya ba ka awa 2 da minti 48, wato mil 419 daga Tromso. Saura kusan mil 100 ya isa, a nan zai nemi rahoton yanayi na ƙarshe ya yanke shawara. Bayan nan bakin alƙalami ya bushe, ko hazo ya sauka ko bai sauka ba, Longyearbyen zai dosa. Matuƙin kirki yana rubuta lokacin wannan gaɓa a takarda tun yana ƙasa, tare da irin yanayin da in bai samu ba zai juya, domin a sama zuciya na son ta ce a ƙara gaba kaɗan.

Ko babban jirgi mai inji biyu akwai abin lura. Ƙa'ida ta asali ita ce kada ya yi nisan fiye da awa ɗaya da inji ɗaya daga filin da zai iya sauka, abin da kan kama kusan mil 400 na teku ga 737. Tsakiyar hanyar nan mil 258 ce daga kowane ɓangare, ba damuwa. Amma a mil ɗarin ƙarshe, fili ɗaya tak ke cikin wannan da'ira, shi ne wanda ake nufa.

Kamfas da na'urorin da ke gajiya

Kamfas na aiki ne da ɓangaren maganaɗisun duniya da ke kwance. A Najeriya kusan duk ƙarfin a kwance yake, allura na juyawa da kuzari. A Svalbard layukan maganaɗisun sun nutsa ƙasa da kwanar da ta haura digiri 80, abin da ya rage mai jan allura zuwa arewa kaɗan ne, sai ta riƙa kasala tana yawo. Ƙuryar maganaɗisu ma ba a zaune take ba, ta bar arewacin Kanada tana tafiya wajen Saiberiya. A can arewacin Kanada an ma daina dogaro da ita: titin filin Resolute lambarsa 17T/35T, lambar na nuna alƙiblar da titin ke kallo, harafin kuma na nuna da arewa ta haƙiƙa aka auna shi.

Jiragen zamani suna da na'urar da ke gano arewa ta haƙiƙa da kanta, ta hanyar jin juyawar duniya yayin da jirgi ke tsaye cik a ƙasa. Duniya na juyawa digiri 15 a awa, amma na'urar ɓangaren da ke kwance kawai take amfani da shi, wato 15 sau kosain ɗin latitud. A Kano kusan duka 15 ɗin take samu. A Longyearbyen digiri 3 kawai. Shi ya sa saitin da kan ɗauki minti biyar kusa da ikwaita yake kai minti 17 a can, kuma in aka motsa jirgin kafin ta gama sai a sake daga farko. Littafin 737 na wannan zubi ya hana yin saitin a latitud da ya wuce digiri 78 da minti 15. Filin Longyearbyen yana kan digiri 78, minti 14 da daƙiƙa arba'in da 'yan kai. Bai kai rabin kilomita ba tsakaninsa da iyakar.

Saboda matsewar layukan lonjitud, ko alƙiblar hanya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Daga Tromso ana farawa da digiri 355 na haƙiƙa, a iso da 352, ba tare da jirgin ya karkata ba. Digiri uku ba yawa, amma a hanyar Utqiagvik ka fara kana fuskantar arewa ka ƙare kana fuskantar kudu. Wannan ne ya sa masu jagorar jiragen SAS, lokacin da kamfanin ya buɗe hanyar Kofanhagan zuwa Los Angeles ta Girinlan a 1954, suka yi aiki da taswira mai layukan ƙirƙira da ba sa haɗuwa.

Sadarwa ma tana da iyaka. Rediyon jirgi na yau da kullum sai da ganin ido yake aiki, daga ƙafa 37,000 yana kai kusan kilomita 440. Ka ɗauki 440 daga kowane ɓangare, ba su cike 958 ba. Taurarin ɗan'adam masu tsayawa bisa ikwaita kuma, daga Longyearbyen digiri 3 kawai suke bisa gefen sama, dutse kaɗan ya isa ya tare su, bayan digiri 81 ma ba a ganinsu sam.

Kilomita ashirin na ƙarshe

Filin yana bakin ruwa, duwatsu sun kewaye shi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa ko kaɗan. Da hunturu iska kan gangaro ta kwarin Adventdalen ta kwaso dusar ƙanƙara ta rufe gani. Da zafi kuma, lokacin da rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu zuwa bayan 20 ga Agusta, hazon teku ne kan shigo ba sallama. Rahoton hasashen yanayi ana duba shi ne daga awa ɗaya kafin lokacin isowa zuwa awa ɗaya bayansa, na filin da aka nufa da na ko-ta-kwana duka, domin arewacin Norwe ma ba ya rabuwa da nasa.

Sanyi yana sa ma'aunin tsayi ƙarya, kuma ƙaryar ta ɓangaren haɗari ce. An saita na'urar bisa iska mai digiri 15 a bakin teku. Iska mai sanyi ta fi matsewa, sai na'urar ta nuna ka fi inda kake bisa. Ƙa'idar aiki ita ce kashi 4 cikin 100 ga kowane digiri 10 da aka gaza. A ranar da ake digiri 25 ƙasa da sifili, an gaza da 40, kuskuren kashi 16 ne. Na'ura na cewa ƙafa 3,000, jirgi na kan 2,500 da ɗoriya. A fili mai shimfiɗe ba komai, tsakanin duwatsu cikin duhu kuwa ƙafa 500 ɗin nan ita ce tazarar da aka bari tsakaninka da dutse. Dole a ƙara wa kowane tsayi da ke takardar sauka gyaransa kafin a fara gangarowa.

Ranar 29 ga Agustan 1996 jirgi ƙirar Tupolev 154 ya taso daga Mosko ɗauke da ma'aikatan haƙar kwal 'yan Rasha da Yukiren da iyalansu. Matuƙan sun shirya sauka ta bakin titin da ke kallon gabas, mai lamba 10 a lokacin. Jami'in filin, wanda aikinsa ba da bayani ne ba umarni ba, ya faɗa musu ɗaya bakin, 28, ake amfani da shi. Roƙonsu na a bar su kan shirinsu bai isa yadda suke nufi ba saboda matsalar harshe, suka karɓi hanyar da ba su saba da ita ba. Siginar jagora ta wannan ɓangare ba a miƙe take da titin ba, an karkatar da ita don ta bi kwarin, kan digiri 300, titin kuwa yana kan 283. Suka saita na'urarsu da lambar titin. Alamomin da ke gabansu suka riƙa saɓa wa juna, suna cikin gajimare suna gardamar ko dama za a yi ko hagu, har suka bugi dutsen Operafjellet, sama da kilomita uku daga inda ya kamata su kasance. Mutum 141 suka rasu, babu wanda ya tsira, kuma Norwe ba ta taɓa ganin haɗarin jirgi kamarsa ba. Sun yi tafiyar dubban kilomita ba tangarɗa. A ganina duk mai koyon wannan sana'a ya kamata ya zauna da wannan labari, ya fahimci abin da digiri 17 ke iya yi.

Ga mai niyyar zuwa

Daga Oslo kai tsaye kilomita 2,013 ne, kusan awa uku. In aka biyo ta Tromso, 1,115 da 958 sun zama 2,073, ƙarin kilomita 60 kawai, amma zangon kan ci lokaci saboda a nan ake duba fasfo. Svalbard ƙasar Norwe ce bisa yarjejeniyar 1920, amma ba ta cikin yankin Shengen na ƙasashen Turai masu biza ɗaya, kuma ba ta neman biza daga kowa. Wannan ya ruɗi mutane da yawa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ba shi da hanyar zuwa sai ta cikin Norwe, saboda haka yana buƙatar bizar Shengen, kuma mai shiga biyu. Tashi zuwa Longyearbyen fita ce daga yankin, dawowa kuma sabuwar shiga. Mai biza ta shiga ɗaya ya ƙone ta tun a zuwa.

Kada a haɗa tikitin dawowa da wani jirgin da zai tashi daga Oslo bayan awa biyu. Jirgin da zai ɗauke ka daga Svalbard sai ya fara samun sauka, in ya juya daga sama kuwa sai wani jadawalin, wanda da hunturu ba lallai ya zama washegari ba. A bar kwana guda a tsakani.

Lokacin saukowa, in akwai haske, a gefen dutsen da ke bisa filin za ka hango wata ƙofar kankare ta ɓullo daga cikin ƙanƙara. Rumbun ajiyar irin shuka na duniya ke nan, wanda aka buɗe a 2008. Cikin akwatunan farko da aka kai akwai irin wake da masara daga cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan.